Jagorar Cin Abinci a Gidan da Ke Girki da Amfanin Gonakin Kano

A 'yan shekarun nan an samu gidajen abinci a Kano da ke tallata kansu da cewa abin da suke dafawa na gida ne: shinkafa 'yar gida, kazar Hausa, man shanu daga ruga, ganye daga fadamun da ke kewaye da birni. Waɗanda suka yi suna a cikinsu ba sa rabuwa da cinkoso, kuma farashinsu ya fi na mai tuwon bakin titi nesa ba kusa ba. Wanda ya shiga irin wannan wuri ba tare da shiri ba yakan fito da ɗayan ƙorafi biyu: ko dai ya ce ya biya kuɗin otal ya ci abin da ake tuƙawa a gidansu kullum, ko kuwa ya ce abin da ya kai shi wurin an ce masa ya ƙare. Duka biyun ana iya kauce musu, muddin mutum ya fahimci cewa gidan da ke girki da amfanin yankinsa da gaske, lokacin shekara ne ke juya tukunyarsa, kuma shi ma mai zuwa ci dole ya bi wannan lokaci.

A ƙasashen Turawa an daɗe da mayar da wannan tsari abin alfahari. Alice Waters ta buɗe gidan abincinta mai suna Chez Panisse a garin Berkeley na jihar Kalifoniya a Amurka a 1971, inda jerin abincin ke sauyawa gwargwadon abin da manoman kusa suka kawo, kuma gidan abinci mai suna Noma da aka buɗe a babban birnin Denmak a 2003 ya shahara a duniya da irin wannan aƙida. A wurinmu kuwa, abin da kakanninmu suka yi ke nan ba tare da sun sa masa suna ba, domin abin da ke cikin rumbu da abin da ke bayan gida shi ake dafawa. Sabon abu kawai shi ne yanzu ana zuwa a zauna a kan kujera a biya kuɗi dominsa, don haka ya kamata mai biya ya san abin da yake saye.

Mataki na farko: ka san abin da ake yayi a gona

Kafin ka nemi lambar wayar kowane gida, ka tsaya ka tambayi kanka wane wata ake ciki, domin amsar ita za ta gaya maka abin da ya kamata ka tarar a faranti.

Idan hunturu ne zuwa farkon bazara, wato daga Disamba zuwa Maris, lokacin kayan lambu ke nan. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma a waɗannan watanni ne kwandunan tumatir ke cika kasuwar Kwanar Gafan har su yi araha. Tattasai, attaruhu, albasa, karas, kabeji da latas duk suna kan ganiyarsu. Wannan shi ne lokacin cin miyar dage-dage da dafa-duka da duk abin da ya dogara da ɗanyen tumatir, kuma shi ne lokacin da haɗin ganye ke da daɗi. Dawa ma ba ta daɗe da shiga rumbu ba, saboda haka tuwonta na da ƙamshi. Alkamar da aka shuka da sanyi kuwa sai wajen Maris ake girbe ta, don haka mai son alkubus ko funkaso na sabuwar alkama sai ya jira bazara.

Bazara ita ce lokacin da gidan abinci na gaskiya ke shan wahala, kuma a nan ake gane gwanin kuku. Ɗanyen kaya na ja da baya, zafi na lalata abin da ya rage, sai a koma ga abin da aka adana: kuka, busasshiyar kuɓewa, kalkashi, kauɗar tumatir, daddawa. Kada ka raina wannan. Miyar kuka da aka kaɗa da daddawa mai kyau da naman ƙashi ba ta jiran wani lokaci, kuma mangwaro na nan a yalwace domin rufe ciki.

Da damina ta kankama sai ganye ya dawo: zogale, rama, yakuwa, alayyahu, tafasa, ɗanyar kuɓewa. Shanu sun samu ciyawa, saboda haka nono da man shanu sun wadata. Zabi ma a damina suke zuba ƙwai, don haka idan ka ga ƙwan zabi a jerin abinci a watan Yuli ko Agusta, kada ka wuce shi. Amma tumatir a wannan lokaci tsada yake yi ƙwarai, kuma gidan da ya kawo maka jar miya kamar jini a tsakiyar damina da sunan ɗanyen tumatirin Kadawa, akwai alamar tambaya a kansa. Mai yiwuwa na gwangwani ne ko na leda. Waɗanda suka ga shekarar 2016, lokacin da tsutsar tumatir ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, sun san yadda miya ke komawa idan tumatir ya yi ɓatan dabo.

Da kaka kuwa sai a ce alhamdu lillahi. Sabon gero, ɗanyar gyaɗa, sabon wake, kabewa. Idan da za a tambaye ni wata ɗaya da ya fi dacewa mutum ya kai baƙo irin wannan gida, zan ce Oktoba, saboda miyar taushe da sabuwar kabewa da furar sabon gero.

Mataki na biyu: ka tantance gidan tun kafin ka taka

Kalmar "na gida" ta zama ta talla, kowa na iya rubuta ta a allo. Hanya mafi sauƙi ta bambance mai gaskiya da mai cika baki ita ce ka duba ko jerin abincinsu yana sauyawa. Yawancin waɗannan gidaje suna sa hotunan abincinsu a Instagram ko Facebook, ko su tura jerin ranar ta WhatsApp. Ka koma baya wata huɗu ko biyar ka gani. Idan abin da suka sayar a Janairu shi ne dai suke sayarwa a Agusta ba ragi ba ƙari, to daga firji suke girki, ba daga gona ba. Haka nan jerin da ya yi tsawo ƙwarai, mai abinci hamsin ko sittin, ba ya tafiya da wannan tsari, domin ba wanda zai iya samo sabon kayan abinci iri hamsin kowace safiya.

Ya kamata kuma ka san cewa ba komai ƙasar Kano ke nomawa ba, kuma ba laifi ba ne a kawo daga maƙwabta. Dankalin turawa daga Filato yake zuwa, wajen Bokkos da Mangu. Acca ma galibi daga can ne da kudancin Kaduna. Citta daga wajen Kachia. Albasa mai yawa daga Aliero ta jihar Kebbi, ko Galmi ta Jamhuriyar Nijar. Manja daga kudu. Bandar kifi kuwa an daɗe da sanin ta yankin tafkin Chadi. Gidan da ya ce maka hatsinsa daga Dawanau yake saya, ganyensa daga 'Yankaba, dabbarsa daga kasuwar Wudil ta ranar Juma'a, ya faɗi abin da hankali zai ɗauka. Wanda ya ce komai da komai daga gonarsa yake, har da manja da citta, ya yi maka ƙarya tun ba ka zauna ba.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, wato kusancin gona ba shi ne tsabtarta ba. Wasu lambunan da ke cikin birni da ruwan kwata ake yi musu ban-ruwa. Idan za ka ci ganyen da ba a dafawa, kamar latas da kabeji, kana da haƙƙin ka tambayi inda aka samo shi da yadda ake wanke shi.

Mataki na uku: zaɓen rana da kama wuri

Gidan da ke sayen kayan yini ɗaya, abincinsa na ƙarewa, kuma mafi daɗin shi ke fara ƙarewa. Na taɓa ɗaukar wani aminina da ya zo daga Zariya na kai shi wani irin wannan gida bayan sallar isha'i a daren Asabar, bayan na shafe kwana biyu ina yi masa kurin farfesun zabonsu. Muka tarar zabo ya ƙare tun la'asar, waina ta ƙare, sai tuwon shinkafa da ragowar miyar da ta sha ɗumi. Har yau idan muka haɗu sai ya tambaye ni lafiyar zabo. Tun daga ranar nake bin ƙa'ida ɗaya: abincin rana tsakanin azahar da la'asar, na dare kuwa da an idar da magariba.

Ranakun tsakiyar mako sun fi sauƙi. Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da yammacin Asabar da Lahadi, da ranakun bikin sallah, sai wanda ya shirya jira. A watan azumi kuwa kusan kowa lokaci ɗaya yake son a kawo masa abinci, don haka wurin buɗa-baki tun da rana ake kama shi.

Idan za ka kira, ka kira kwana ɗaya kafin ranar, ka faɗi adadinku da lokacin zuwanku, sannan ka tambayi abin da za a dafa. Idan akwai abin da ya kai ka musamman, ka roƙa a ajiye maka, domin abinci irin su dambun nama, zabo, ƙafar sa ko sinasir ba a haɗa su nan take. Idan da iyali za ka, ka tambaya ko akwai ɓangaren iyali, da wurin alwala da salla. Wasu gidajen suna neman a tura wani abu na kafin alƙalami idan taron ya yi yawa, kuma wannan ba abin jin haushi ba ne, domin da kuɗin za su shiga kasuwa. In wani uzuri ya taso, ka kira ka sanar da wuri. Kazar da aka yanka dominka ba za ta koma akurki ba.

Mataki na huɗu: zama da tambaya

Da ka shiga, ka yi sallama, ka gaida wanda ya tarbe ka, ka faɗi sunan da aka kama wurin da shi. Kafin ka buɗe takardar jerin abinci, ka dubi allo ko ka tambayi mai kawo abinci, domin abin da ya fi sabunta sau da yawa ba ya cikin takardar da aka buga. Tambayar da ta fi kowace amfani gajera ce: "Malam, sannu da aiki, me aka kawo muku yau da safe?" Idan mace ce babba, ka ce Hajiya ko Baba gwargwadon shekarunta, idan matashi ne, ɗan'uwa ya wadatar. Tafa hannu ko yi wa ma'aikaci tsaki domin ya zo rashin tarbiyya ne, kuma mai yin haka ba ya samun shawara ta gaskiya.

Ka lura da yadda aka amsa maka. Ma'aikacin gidan da ke da gaskiya yakan san amsa, ko ya ce bari ya tambayo kuku. Wanda ya ce maka "komai akwai, komai sabo ne" bai gaya maka komai ba. Tambaya biyu ko uku sun isa, kamar ko kazar ta Hausa ce ko ta gidan gona, da ko nonon na shanu ne ko na madarar gari. Ba bincike ka zo yi ba, kuma akwai wasu teburan da ke jiransa.

A nan ne kuma ake faɗin lalura. Gyaɗa na shiga wurare da yawa a girkinmu: miyar taushe, yajin tsire, ƙuli-ƙulin da ake kwaɗo da shi, kunu, da man suya kansa, saboda haka wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa dole ya faɗa tun farko. Ɗanwake ba ya yiwuwa sai da kanwa, wasu kuma na jefa ta a miyar kuka da ta kuɓewa. Mai gyambon ciki ya nemi a kawo masa yaji a gefe, mai hawan jini ya yi maganar gishiri, mai ciwon suga kuma ya tambaya ko akwai acca ko tuwon alkama, ya kuma kula da yawan abin da zai ci.

Mataki na biyar: abin da za a ce a kawo

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya zo irin wannan gida ya nemi soyayyar shinkafa da kaza, abin da zai samu a kowane lungu. Ka nemi abin da gidan ya yi suna a kansa da abin da lokaci ya kawo. Idan kuna da yawa, kada kowa ya ce a kawo masa abu ɗaya. Ku nemi tuwo iri biyu, miya iri uku, nama iri ɗaya ko biyu, a jera a tsakiya kowa ya taɓa, kamar yadda ake yi a gida.

Ku fara da abu mara nauyi, kamar kwaɗon zogale ko na rama da damina, ko gurasa bandashe, wadda Kano ta yi suna da ita tun daga matan Jakara. Amma a yi hattara, gurasa da ɗanwake suna cika ciki, kuma wanda ya sake jiki da su ba zai iya komai da tuwo ba. Wajen haɗa tuwo da miya akwai abin da aka gada wanda ba a banza aka gada ba: tuwon dawa ko na masara da miyar kuka ko kuɓewa, tuwon shinkafa ko waina ko sinasir da taushe, burabusko da miyar ganye. Malmala ɗaya ta isa a fara da ita. Ƙari ba ya wuya, amma tuwon da ya huce a gabanka ya rasa rabin daɗinsa.

Ka kuma yi haƙuri da jira. Kazar Hausa ba ta nuna da wuri, waina kuma daga tanda ake so ta zo.

Mataki na shida: yadda baki ke gane na gaske

Idan abinci ya iso, a wanke hannu, a yi bismilla, sannan kafin ka zuba yaji ka ɗanɗana miyar yadda take. Miyar da aka gina a kan daddawa tana da ƙamshi mai zurfi da ke zama a maƙogwaro, ɗanɗanonta kuma a hankali yake fitowa. Wadda aka cika wa ɗanɗanon dunƙule kuwa nan take take bugun harshe, ta bar ka da ƙishirwa. Man shanu na gaske, idan aka soya shi da albasa aka zuba cokali ɗaya a kan miyar kuka mai zafi, za ka ga ya narke ya yi zobe-zobe masu ruwan zinariya a saman koren miyar, ƙamshinsa kuma ya riga cokali isa hancinka. Wanda aka gauraya da wani mai yakan kwanta shiru ba ƙamshi, ya bar maiƙo a leɓe.

Kazar Hausa ba ta ɓuya. Cinyarta siririya ce, namanta ya ɗan yi duhu kuma yana riƙe da ƙashi sai an ja, ƙashin kuma da tauri, ba ya tauno kamar na kazar gidan gona. Romonta ma daban ne. Idan aka kawo maka ƙatuwar cinya fara mai laushi kamar burodi da sunan ta Hausa, ka kira ma'aikaci a hankali ka gaya masa, ba tare da ɗaga murya ba. Gidan kirki zai canza maka ko ya rage kuɗin. Tuwon dawa mai kyau kuwa yana da santsi da ɗan danƙo, ba gudaji, kuma ba ya tsinkewa ya yi ruwa a gefen kwano.

Wajen abin sha, ka bar lemon kwalba ya huta na yini ɗaya. Akwai zoɓo, kunun aya, kunun zaƙi, kunun tsamiya da ruwan citta, kuma kana iya roƙon a rage sukari ko a sa zuma ko mazarƙwaila. Kunun aya ba ya jure zafi, saboda haka idan ka ji ya fara tsami ka mayar. Fura ita ce ta rufe taro, kuma ta fi kyau a dama ta a gabanka cikin ƙwarya da ludayi. Kindirmo na shanu yana da ɗan tsami da maiƙo a sama, kaurinsa kuma ba ya zama sumul ɗaya. Na madarar gari yakan zo fari fat, sumul, da zaƙin da ba na nono ba. Ka tambaya ko an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, musamman idan da yara ko mai juna biyu a tare da kai.

Mataki na bakwai: biya da tashi

Ka nemi a kawo lissafi a rubuce, ka duba shi kafin ka miƙa kati. Gidajen da ke da rajista sukan ɗora harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin ɗari tun watan Fabrairun 2020, wasu kuma suna ƙara kuɗin hidima. Tsadar abincin kanta tana da dalili: kazar Hausa tana ɗaukar watanni kafin ta isa yanka alhali ta gidan gona makonni kaɗan take yi, man shanu ya fi man leda kuɗi, kuma mai sayen kayan yini ɗaya ba ya samun rangwamen mai sayen buhu-buhu. Ka riƙe ɗan tsabar kuɗi ko da za ka biya da na'urar POS ko tiransifa, domin sabis na iya ɗaukewa, kuma tukwicin wanda ya yi muku hidima ya fi kyau a damƙa masa a hannu. Idan kai ka gayyato mutane, ka tashi ka biya a kanta tun kafin a gama shan fura, ka hutar da kowa jayayyar "bari na biya".

Idan wani abu ya burge ka, ka aika wa kuku da gaisuwa, ka kuma tambaya ko suna sayar da daddawarsu ko yajinsu ko man shanunsu, domin wasu gidajen suna ajiye su a kanta. Abin da ya rage a kwano kuwa ka ce a ƙunshe maka, miya daban tuwo daban, kada a haɗa su a roba ɗaya. Da ka isa gida a sa miyar a wuta ta tafasa kafin a kwanta, tuwon kuma a bar shi a buɗe ya sha iska, da safe a yanka shi a jefa cikin miyar a yi ɗumame.